Gonar Ɗan'ige Ta Ƙi Shiga Waya

Mu huɗu ne, kuma ba mai biyan mu.
Bayan isha'i, a shagon cajin Marwana da ke Mabera,
inda wayoyin unguwa ke kwance kamar jarirai,
kowace da igiyar cibiyarta,
nan muke shimfiɗa tabarma mu buɗe kwamfuta.
Attahiru ya taso daga banki da wuyan riga a sake,
Luba ta gama ɗibar jini a asibiti,
ni kuwa alli bai bar yatsuna ba.

Abin da muke so bai taka kara ya karya ba:
manomi ya faɗi gonarsa, waya ta faɗa masa
yaushe shuka, yaushe maimai, taki buhu nawa,
wane wata albasa ke daraja.
Wata bakwai muna yi.
Janareto ya sha rabin kuɗin lefen Attahiru,
shayi ya sha sauran.

Ran da manhaja ta tsaya da ƙafarta
muka hau babur biyu zuwa Kwalkwalawa.
Ɗan'ige na gindin giginya yana ƙota fartanya.

Na ce, Baba, gonarka hekta nawa?
Ya ce, Hekta ɗiyar wa ta?
Gonata tiya ukku ta iri,
yini biyu ga shanun huɗa
in jan bai tashi da gardama ba.

Na haɗiye yawu, na wuce gaba.
Me za ka shuka? Zaɓi ɗaya.

Ɗaya?
Ya dube ni kamar na ce ya zaɓi ido guda.
Gero bai kwana shi kaɗai, yarinya.
Wake na ƙarƙashinai, yakuwa na tsaron iyaka,
kuɓewar bakin rijiya kuwa ta Inno ta.
Kun tambaye ta?

Ba mu tambaye ta ba.
Ba mu ma bar mata gurbi ba.

Har muka iso gari ba wanda ya yi magana.
A daren muka share layi dubu huɗu,
kamar mai tuge shukar da ta yi yawa a rami,
yana tugewa yana jin zafinta.
Muka koya wa na'ura tiya da dami,
muka koya mata binne,
wato ka ba busasshiyar ƙasa amanar iri
tun sama ba ta yi alkawari ba.
Muka buɗe wa Inno shafinta.
Luba ta ba waya muryarta,
don Baba ba ya karanta boko, amma kunnensa garau.

Ita ce kuma ta ce a ƙara maɓalli guda,
ja, a can ƙasa: Ban yarda ba.
Attahiru ya ce wace irin manhaja ce
ke roƙon a ƙaryata ta?
Luba ta ce, irin wadda ke son ta girma.

Damina ta sauka.
Sau goma sha ɗaya Ɗan'ige ya danna ja.
Muna gani daga Mabera, muna rubutawa.
Tara shi ke da gaskiya:
ruwan fari ya yaudari waya, bai yaudare shi ba.
Biyu kuwa, to,
tsutsa ta shiga wake a makon da muka faɗa.

Bai ce komai a kan biyun nan ba.
Sai bayan girbi wani yaro ya sauke kwando a ƙofar shago,
wake ne, ba shi da yawa, wasu da huji,
da ƙullin busasshiyar kuɓewa a bakin zane.

Marwana ya dafa a kan risho.
Muka ci da man gyaɗa da yaji, wuta ta ɗauke,
muka ci gaba da ci a hasken wayoyin mutane.
Gobe akwai gyara:
wani daga Wurno ya danna ja
a kan lokacin dashen albasa.